Fitar Bazara a Birtaniya: Wa Ke Shan Iska, Wa Ke Riƙe da Jaka?

A Lahadin ƙarshe ta watan Maris, cikin dare, mutanen Birtaniya kan tura agogonsu gaba da awa guda. Washegari sai mutumin Landan ya ga rana ba ta faɗi ba sai wajen bakwai da rabi, alhali a watan Disamba tun kafin ƙarfe huɗu na yamma rana take faɗuwa. A tsakiyar hunturunsu yini bai cika awa 8 ba, amma kafin ƙarshen Yuni ya haura awa 16. Mu da yininmu ba ya nisa da awa 12 duk shekara, da wuya mu gane abin da wannan ke yi wa jiki da zuciya.

Mun saba kiran wannan lokaci bazara, don watannin sun zo ɗaya da namu, wato Maris, Afrilu da Mayu. Sai dai sunan kan ruɗa mai karatu. Bazararmu ta neman inuwa ce, da kwana a tsakar gida, da fargabar sanƙarau. Tasu kuwa ta fi kama da makon da ya biyo bayan ruwan farko: ƙasa ta yi taushi, itatuwan da suka yi watanni ba ganye ko ɗaya sun fara toho, kowa ƙafarsa na ƙaiƙayin fita.

A cikin masu ɗokin fitar nan akwai waɗanda hunturu ya fi kowa tsarewa a ɗaki. Dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kama ba zai taka hanya mai santsin ƙanƙara ba. Mai keken guragu ba ya motsa ƙafa, don haka sanyi yakan shige shi fiye da wanda ke tura shi. Tsohuwar da ciwon mantuwa ya kama, da saurayin da aka haifa da jinkirin fahimta, da yarinya mai lalurar otizim wadda hayaniya ke gigita ta, duk a can ana haɗa su ƙarƙashin suna guda: masu buƙatar tallafi. Sunan ya fi "naƙasassu" faɗi, kuma ya fi shi ladabi, domin ba ya tambayar me ya lalace a jikin mutum, sai dai me yake buƙata don yininsa ya tafi daidai. A bayan kusan kowannensu kuma akwai wani wanda shi ma hunturun ya tsare: uwa, ko miji, ko 'ya, wani lokaci ma yaro ɗan makaranta. Ƙidayar 2021 ta samu mutum kusan miliyan 5 a Ingila da Wales da ke ɗawainiya da wani nasu ba tare da albashi ba, kuma wajen miliyan ɗaya da rabi daga cikinsu suna yin awa 50 ko fiye a mako.

Shi ya sa da zarar Maris ya kama, ƙungiyoyin agaji da ƙananan hukumomi ke fara fitar da jadawalin fita. In ka duba takardun, hotunan kusan iri ɗaya ne, furanni ruwan ɗorawa da murmushi da 'yan raguna. Abin da ke ƙarƙashin hotunan shi ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Lambu ne uban tafiyar. Ƙungiyar Thrive, wadda ta fara aiki a 1979, ta gina dukkan aikinta a kan amfani da noman lambu wajen kyautata lafiya, kuma tana da lambuna a filin shaƙatawa na Battersea a Landan, da kusa da Reading, da Birmingham. Dabarun ba wasu na a-zo-a-gani ba ne. Maimakon a yi komi a ƙasa, sai a ɗaga shi cikin akwatin katako har ya kai tsayin tebur, a bar wuri a ƙarƙashi inda gwiwar mai keke za ta shige. Ana naɗa wa ƙotar 'yar fartanya roba mai kauri don hannun da ba ya damƙa. Makaho a ja masa igiya mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ramin iri guda. Kuma ana zaɓen irin da yatsa ke iya tsinta, kamar wake da kabewa, ba irin latas da numfashi ma ke watsarwa ba.

A ce ga wani dattijo a bakin irin wannan tebur, shekara biyu da faɗuwarsa, hannun dama na kwance a cinya. An ajiye masa tukunyar roba, da buhun taki, da ƙwayar wake shida a murfin kwalba. Da hannun hagu yake ɗibar ƙasar, rabi na zubewa a tebur. Matarsa na gefe, har ta miƙa hannu za ta karɓa, sai ma'aikaciyar lambun ta ɗan girgiza mata kai. Ya ɗauki minti goma kafin ya cika tukunyar. Ya huda rami da ɗan yatsa, ƙwayar farko ta kufce ta gangara ƙasa, ta biyu ta shiga. Aka ba shi ɗan itace ya sa a rubuta sunansa a soka a gefe. Mako biyu bayan haka, in ya dawo, zai tarar da abu kore ya fasa ƙasa a ƙarƙashin sunansa.

Girgiza kan nan da ma'aikaciyar ta yi, a ganina, shi ne rabin ilimin. Wanda ya daɗe ana yi masa wanka, ana sa masa riga, ana yanka masa nama a faranti, abin da ya rasa ba iska kawai ba ce. Ya rasa wani abu da zai dogara da shi, shi ma ya zama mai kula. Tsiro kuwa ba ruwansa da wane hannu ya ba shi ruwa. Akwai bambanci babba tsakanin a tura mutum cikin lambu ya kalli abin da wasu suka shuka, da a bar shi ya ɓata hannunsa da ƙasa, ko da aikin zai fito a karkace. Masu ɗawainiya da yawa, saboda tausayi da kuma saurin da rayuwa ta koya musu, su ne na farko wajen karɓe aikin.

Masu kare wannan hanya kan kawo binciken Roger Ulrich na 1984, wanda ya duba bayanan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka. Waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga waɗanda ke kallon bangon bulo fita da kusan kwana guda, kuma sun nemi maganin ciwo mai ƙarfi ƙasa da su. Bincike ne ƙarami, kuma an ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa. Akwai hujjar da ta fi shi sauƙi: hukumar lafiya ta Birtaniya da kanta tana cewa daga Oktoba zuwa Maris ranar Birtaniya ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da isasshen bitamin D, har tana shawartar waɗanda ba sa fita da masu baƙar fata su riƙa shan ƙwayarsa duk shekara. Ga kuma barci, wanda hasken safe ke daidaita shi. Yanzu har likitocin unguwa a Ingila suna iya tura mutum wajen wani jami'i da zai haɗa shi da ƙungiyar lambu ko ta tattaki, kamar yadda ake tura shi wajen gashin ƙashi.

Sauran ayyukan ba sai an daɗe a kansu ba. Maris da Afrilu lokacin haihuwar tumaki ne, kuma akwai gonakin da aka keɓe don masu buƙatar tallafi su je su yi aiki na gaske, su ba 'yan raguna madara a kwalba, su kwashe ƙwai, su share garke.  Akwai kilisa, ƙarƙashin ƙungiyar Riding for the Disabled Association da aka kafa a 1969, wadda masu irin aikinta ke yawan tuna Lis Hartel, 'yar Denmak da shan inna ya kashe wa ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, amma ta ci lambar azurfa a kan doki a wasannin Olamfik na 1952. Akwai kuma keken nan mai ƙafa uku da kujerar mutum biyu a gaba, wanda Ole Kassow ya fara ɗaukar tsofaffi da shi a Kopenhagen a 2012, yanzu ya bazu har Sikotilan. Sai yawon kallon shuɗɗan furannin da ke shimfiɗe dazuzzuka a ƙarshen Afrilu, da farautar ƙwan cakulan na yara a hutun Ista.

Duk wannan a takarda ne. A gida kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗauki uwa mai ɗa ɗan shekara 30 wanda ba ya iya zama da kansa, ba ya kuma iya riƙe fitsari. Fitar ƙarfe goma tana farawa ne tun jiya da dare. Ta sa batirin keken a caji. Ta jera magunguna na ƙarfe goma sha biyu da na biyu. A jaka akwai ƙunzugun manya guda huɗu, da kayan canji, da bargo, da rigar ruwa, domin a Afrilu rana da ruwa da ƙanƙara kan iya zuwa cikin awa ɗaya. Ga abincin da aka markaɗa, da garin da ake kaɗawa a ruwa ya yi kauri don kada ya sarƙe shi. Ta buga waya wurin da za su, kuma tambayarta ta farko ba ta furanni ba ce. Tambayar ita ce: in ya ɓata jikinsa, a ina zan canza masa?

Wannan tambaya ce ke yanke hukuncin yawancin fita, ko da yake ba a sa ta a hoton talla. Banɗakin naƙasassu da aka saba gani, mai faɗin ƙofa da ƙarfen dafawa, an yi shi ne don wanda zai iya tashi daga keke ya koma kan masai. Wanda ba zai iya ba, iyayensa sun yi shekaru suna shimfiɗa shi a daɓen banɗakin jama'a, ko a bayan mota, ko kuma su taƙaita fitar zuwa awa biyu su ruga gida. Wasu ma sukan rage wa mutum ruwan sha tun safe, abin da ke jawo wata cutar. Daga nan ne gangamin Changing Places ya taso a 2006, kuma ƙungiyar PAMIS ta Sikotilan na cikin waɗanda suka assasa shi. Abin da suke nema ɗaki ne mai faɗin murabba'in mita 12, da gadon canji na babban mutum mai hawa da sauka, da na'urar ɗaga mutum, da sararin da masu taimako biyu za su juya. Masu gangamin sun ce mutum kusan rubu'in miliyan ke buƙatar irinsa. Tun 2021 ya zama dole a saka shi a manyan sababbin gine-ginen jama'a a Ingila, kuma yawansu a Birtaniya ya haura 2,000. Amma daji da gona da bakin tafki, inda bazara take, su ne suka fi ƙarancinsa.

Bayan banɗaki sai hanya. Karkarar Ingila cike take da shingaye, kuma inda turba ta ratsa shinge akan kafa 'yar matakalar katako da mutum zai taka ya tsallaka, don kada tumaki su bi. Ga mai ƙafa biyu abin ado ne, ga mai keke kuwa ƙarshen tafiya ke nan. Hukumar gandun Lake District ta tsara turbobi wajen 50 marasa irin wannan matakala, ta kuma bayyana gangaren kowace da irin daɓenta, domin tsakuwa da taɓon Afrilu kan riƙe taya kamar yadda yashi ke riƙe ta a wajenmu. Wasu wurare na ba da aron keken lantarki mai manyan tayoyi. National Trust, mai kula da ɗaruruwan tsofaffin gidaje da lambuna, tana ba da katin da ke sa mai rakiya ɗaya ko biyu su shiga kyauta. Wannan ba alfarma ba ce in an duba: wanda ba zai iya shiga shi kaɗai ba, in aka caji mai tura shi, an sa shi biyan kuɗin ƙofa sau biyu ke nan.

Yanzu ga inda nake ganin takardun jadawalin suka fi yin shiru. Ana rubuta "masu buƙatar tallafi da masu kula da su" kamar mutum ɗaya ne mai buƙata ɗaya. Alhali fitar da ta zame wa ɗa shan iska, ga uwar nan aiki ne da ya ninka na zaman gida. A gida na'urar ɗagawa na nan, gado na nan, ta san inda komai yake. A waje ita ce direba, ita ce nas, ita ce mai ba mutanen da ke ƙura musu ido haƙuri. Ta dawo da yamma ga wanki, ga ciwon baya. In aka tambaye ta za ta ce sun ji daɗi, kuma ba ƙarya ta yi ba. Amma ba ta huta ba.

Don haka fita iri biyu ce, kuma bai kamata a riƙa sayar da ɗaya da sunan ɗaya ba. Akwai wadda ake yi tare, inda amfaninta shi ne miji da mata su sake zama miji da mata na awa biyu, ba majinyaci da mai jinya ba. Wannan ba ta yiwuwa sai in akwai wani hannun da zai karɓi turin keke da kai-komon banɗaki, ita kuma ta zauna ta sha shayinta da zafinsa. Akwai kuma wadda ake rabuwa, shi ya tafi gona da ma'aikata, ita ta je ta yi barci ko ta ga likitan haƙorin da ta yi shekara tana ɗagawa. Masu ɗawainiya da yawa suna jin kunyar neman ta biyun, suna ganin kamar gajiya da nasu ne. Mu ma mun san wannan kunyar, mu da ake cewa "ai lada kike samu" a rufe bakin mace da ta shekara biyar ba ta kwana a gidan biki ba.

Dokar ƙasar ta san da wannan bambanci, aƙalla a rubuce. Tun 1965 da Mary Webster, wata limamiyar coci da ta bar aikinta don jinyar iyayenta, ta kafa ƙungiyar da ta zama Carers UK, ake ta faɗi-tashi a kai. Dokar kula ta 2014 ta ba mai ɗawainiya a Ingila haƙƙin a auna buƙatunsa shi kansa, daban da na wanda yake kula da shi, kuma Sikotilan ta yi tata a 2016. Daga Afrilun 2024 ma'aikaci na iya ɗaukar hutun mako guda a shekara don ɗawainiya, amma ba albashi. Alawus ɗin gwamnati kuwa, wanda shi ma a Afrilu ake sabunta shi, ya zama fam 83.30 a mako a 2025, ga wanda ke yin aƙalla awa 35. In ka raba, bai kai fam biyu da rabi a awa ba, a shekarar da mafi ƙarancin albashin babban ma'aikaci ya kai fam 12.21. Da wannan za a biya tasi mai ɗaukar keke, wadda sau da yawa sai an yi odarta kwanaki kafin ranar. Kuma a ƙarshen 2024 ƙungiyar Revitalise, wadda ta shafe shekara 60 tana gudanar da masaukan hutu masu ma'aikatan jinya, ta rufe su saboda kuɗi sun gaza. Haƙƙin a auna buƙatarka daban, samun gadon da za a kwantar da naka daban.

Ita kanta bazarar ba kowa take yi wa daɗi ba. Daga ƙarshen Maris bununin itatuwa ke tashi, na ciyawa ya biyo baya a tsakiyar Mayu, kuma mai asma ko wanda ba zai iya cewa idonsa na ƙaiƙayi ba yakan nuna shi ne da fushi ko kuka. Awa gudan da aka ƙara wa agogo kan birkita lokacin magani da na barci ga mai ciwon mantuwa, wanda dama yamma ce lokacin ruɗewarsa. Yaro mai otizim da ya saba da tsarin makaranta, hutun Ista na mako biyu kan zame masa tashin hankali, balle a kai shi gonar da ta cika da yara masu ihu. Shi ya sa wasu wurare ke ware sa'ar shiru da sassafe, a rage jama'a, a kashe kiɗa, kuma ake rataya igiyar wuya mai hoton furen rana, wadda filin jirgin Gatwick ya fara a 2016, don ma'aikata su gane mai lalurar da ido ba ya gani. Iyaye da dama kan nuna wa yaro hotunan wurin tun kwana uku kafin tafiya, ga ƙofa, ga wurin cin abinci, ga inda za mu koma mota in ka gaji.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohon da ya yi rayuwarsa a masana'anta a tsakiyar birni mai yiwuwa ba ruwansa da fure, abin da yake so a kai shi bakin filin ƙwallo ko tashar jirgin ƙasa ya zauna. In an kai shi lambu don lambu ne ke cikin jadawali, an fitar da jikinsa ne kawai.

Wannan magana ta shafe mu ta wata ƙofa da ba a zata ba. Tun Fabrairun 2022 da Birtaniya ta buɗe bizar aikin kula da tsofaffi da masu lalura, dubban 'yan Najeriya sun shiga wannan aiki, kafin a rufe ɗaukar sababbi daga waje a 2025. Ke nan a yau, hannun da ke tura keke a kan turbar furannin nan sau da yawa hannun wanda ya taso ne a inda Afrilu ke nufin gudun rana. Ga wanda ya saba da hakan, ganin tsohuwa 'yar shekara 90 ta dage sai an fitar da ita cikin iskar da ba ta wuce digiri 12 ba abin mamaki ne, kuma abin da zuciya ke raya masa shi ne ya rufe taga ya ƙara mata bargo. Sai a hankali yake gane cewa ita tun Nuwamba take ƙirga kwanakin.

Waken da dattijon nan ya shuka a tukunya ba a fitar da shi fili sai tsakiyar Mayu ko ƙarshensa, bayan an tabbatar sanyin dare mai daskarar da raɓa ya wuce, domin dare ɗaya ya isa ya ƙone shi. Kafin nan ana ɗan fitar da tukwanen da rana, a mayar da su ɗakin gilashi da yamma, har su saba. Wannan aikin kullum ne, shi kuwa dattijon sau ɗaya yake zuwa a mako, ranar da motar ƙungiya ke da gurbin keke. Sauran kwana shidan 'yan sa-kai ne ke ɗauka suna mayarwa, suna duba sunan da ke jikin itacen don kada a musanya masa tukunya.